Yadda za ku nuna wa matasan unguwa fim ɗin Bless Me, Ultima

Malaman da ke tara matasa a Agege, Idi-Araba ko Mile 12, idan kuna neman fim ɗin da za a gama kallo a zauna a tattauna, ku nemi Bless Me, Ultima. Carl Franklin ne ya ba da umarni, ya shiga sinimomin Amurka a 2013, an ɗauko shi daga littafin da Rudolfo Anaya ya fitar a 1972. Sai dai ba fim ba ne da za a kunna wa yara a tafi a bar su. Ina koyarwa a makarantar yamma a Agege, ga yadda nake yi.

Ku fara kallonsa ku kaɗai, bai kai awa biyu ba. Ana kashe mutum a gaban idon yaro, ruwa kuma ya ci wani abokinsa, shi ya sa ba na shigar da wanda bai kai shekara 13 ba. Ku gaya wa iyaye gaskiya cewa akwai coci a ciki, akwai zancen maita. Wanda ya hana ɗansa zuwa, kada ku ja da shi.

Lahadi bayan Azahar ya fi. Majigi, farin bango, ɗaki mai labule, da mai a janareta.

Kafin a kunna, ku yi musu shimfiɗa. Labarin ya faru a jihar Niyu Meziko da ke kudu maso yammacin Amurka, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin mutanen da ke yin Sifaniyanci a gida, Turanci a makaranta. Yaron da ke yin Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turanci a aji ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Antonio ɗan shekara shida ne. Dangin babansa makiyaya ne masu hawan doki, dangin mahaifiyarsa manoma, ita kuma burinta ya zama limamin coci. Sai aka ɗauko tsohuwa Ultima ta zauna da su, unguwarzomar da ta karɓi haihuwarsa, mai magani da ganye da saiwa. Miriam Colón ce ta fito a matsayinta.

Dole ku yi maganar mujiya tun da wuri. A wajenmu kukanta kan rufin gida ba alheri ba ne, saboda haka da yara sun ga tana bin tsohuwar za su yanke hukunci cewa mayya ce, daga nan kuma sun rasa fim ɗin. A labarin, mujiyar ce ke gadin gidan, ran Ultima yana haɗe da nata. Ba cewa za ku yi su yarda da hakan ba. Ku ce musu haka mutanen labarin suka ɗauka, su dakata da hukunci har su ga abin da hannunta ya aikata.

Ku gayyaci manya uku: malamin addini da yaran ke girmamawa, ma'aikaciyar jinya, da tsohuwar unguwarzoma, a zaunar da mai yi mata tafinta kusa da ita. Ni Inna unguwarzoma nake fara ba wa magana, domin in malam ya riga ta ba za ta ƙara cewa komai ba.

Wuri biyu nake tsayar da fim. Na farko bayan Ultima ta warkar da Lucas, kawun Antonio, wanda aka ce 'ya'ya mata na wani mugun mutum mai suna Tenorio ne suka yi masa sammu, likita ya gaza, limamin coci ma bai iya ba. Nan nake tambaya: in wani ya kwanta a gidanku, ina ake fara zuwa, kemis, asibiti, wajen mai ruƙiyya, ko mai sassaƙe? Wa ke yanke shawara? Za ku ji abin da ba ku taɓa ji daga bakinsu ba. A nan ne ma'aikaciyar jinya za ta yi aikinta. A littafin har kananzir tsohuwar ta haɗa a maganin, to a faɗa musu ɓaro-ɓaro cewa kananzir guba ne, zazzaɓi kuma a yi gwajin jini kafin komai.

Na biyu shi ne daren da Tenorio ya tara maza suka zo ƙofar gida suna neman a miƙa musu mayya, baban Antonio ya tsaya a ƙofa ya hana. Wannan wurin ne dalilin da nake nuna fim ɗin. Duk mun san yadda ake yi wa tsohuwa marar gata idan yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta: a taru, a zage ta, wani lokaci a doke ta, matasa ne kuma a gaba. Ina tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, da a layinku ne, kana cikin taron ko kana bakin ƙofa? Kada ku karɓi amsa da sauri. Ku bar su su yi shiru, a tashi a yi La'asar, a dawo.

Sauran tambayar da fim ɗin ke ɗauke da ita ta Antonio ce: me ya sa mutumin kirki kamar Narciso, aminin gidansu, zai mutu a hannun azzalumi? Yaranmu suna da irinta, tsoro ne ke hana su furtawa. Ku bar wa malam wannan ya amsa da ilimi, ba da tsawa ba.

Fim ɗin ya taƙaita tunanin yaron da mafarkansa, waɗanda suka cika littafin. Babi 22 ne, Turancinsa ba mai wuya ba. In kun samu kwafi ko ɗaya ne, ku raba babi biyu ga kowane ɗalibi, ya zo Lahadi mai zuwa ya ba sauran labarinsu da Hausa.