Yadda Ake Shirya Mota Kafin Shiga Hanyar Rairayi

Tambayar yadda ake shirya mota don shiga rairayi ta yi yawa, musamman daga masu Hilux da ke son bin hanyar Agadas zuwa Bilma ko tuddan yashin Yusufari. Ga yadda nake yi:

1. Kai motar wurin bakanike kwana 3 kafin tafiya, ba ranar tashi ba.
2. Canza baƙin mai.
3. Kakkaɓe matatar iska. Ƙura ce ke fara shaƙe inji.
4. Cika lagireto da ruwa. Hattara: kada ka buɗe murfinsa inji na da zafi, zai ƙona maka fuska.
5. Duba man birki.
6. Ɗaure batir tamau, don gargada na sassauta kansa.
7. Saka giyar fowil, wato mai sa tayoyi huɗu duka su ja, a kan ƙasa, ka ji ta kama. Ban da kan kwalta.
8. Ɗauki safaya biyu. Ɗaya ba ta isa, ko me mai faci ya ce maka.
9. Haɗa jak da guntun katako mai faɗi. Jak tsirara nutsewa yake yi cikin yashi, ka yi ta murzawa mota na nan zaune.
10. Saka shebur, igiyar ja da famfon iska inda hannu zai kai.
11. Cika jarkokin mai da na ruwan sha, fiye da lissafinka.
12. Ajiye kaya masu nauyi a ƙasa, ba kan rufi ba.
13. Faɗa wa na gida hanyarka da ranar isa.
14. A bakin yashi, rage iskar taya zuwa kamar PSI 18 a ma'aunin iskar taya. Nan ake kuskure: da ka hau kwalta, mayar da iskar kafin ka taka wuta.