Ga masu shirin bin Canal du Midi da keke

'Yan uwa, mai niyyar bin wannan magudanar ruwa ta kudancin Faransa, mai tsawon kilomita 240, ya tashi daga birnin Tuluz ya nufi gabas, don iska ta fi busowa daga yamma. Farkon hanyar shimfiɗaɗɗe ne, amma gaba akwai wuraren da turba ce kawai, ga saiwoyin itatuwa, in an yi ruwa kuma laka ta maƙale a taya. Ku yi hayar keke mai faɗin taya. Cuta ta sa an sare itatuwa da yawa, inuwa ta ragu, gara ku je a Mayu ko Satumba. Yankin gonakin inabi ne, ku riƙa tambaya kafin ku ci miya, wata da giya ake dafa ta.