Shawara ga masu nutso da tukunyar iska biyu

'Yan uwa na Yamai masu zuwa Bahar Maliya ta Masar domin nutso, tun da ruwan kogin Isa ba ya nuna ko tafin hannu, ina so mu duba abin da zai ɗago mutum idan jakar iskar da ke bayansa, wadda yake hurawa domin kada nauyi ya ja shi ƙasa, ta fashe a cikin zurfi.

Tukunya biyu masu lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) suna ɗauke da iska mai nauyin kusan kilo 6, kuma nauyin yana kanka tun daga farkon nutso. A zurfin mita 30 matsin ruwa ya kai bar 4, rigar roba mai kauri takan matse har ta daina ɗaga jiki sosai, saboda haka wanda ya haɗa tukunyar ƙarfe da irin wannan riga yana cikin haɗari.

Rigar da ruwa ba ya shiga cikinta, wadda ake hura wa iska, ita ce madogara mafi aminci, amma a ruwan ɗumi takan takura. A ganina tukunyar alminiyum ta fi dacewa a can, domin ba ta jan mutum ƙasa kamar ta ƙarfe. Wanda ya zaɓi jakar baya mai ciki biyu kuwa, kada ya jona tiyon da ke kai iska ciki na biyun, domin idan tiyon ya fara hurawa da kansa zai ɗaga mai nutso sama da gudu.

A riƙe jakar alama mai hurawa, wadda ake aikawa saman ruwa domin a san inda mai nutso yake, sannan a gwada tasowa da jakar baya babu iska a ruwa marar zurfi, tare da malamin nutso.