Yadda dattijo da matarsa za su koma gida ta jirgin sama bayan doguwar tafiya a jirgin ruwa

Mutum ya yi ritaya, shi da uwargida sun shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, wasu ma irin mai zagaya duniya ne da ke wuce kwana 100 a kan teku, komai yi musu ake, ɗaki a gyare, kaya a jere cikin kabad, babu mai cewa ku yi sauri. To ranar sauka fa duk wannan ya ƙare, a yini ɗaya za a ce ku ja akwati, ku bi layi, ku zauna awa goma a kujera ɗaya. Ni a ganina wannan ranar ta fi duk tafiyar wuya ga mai shekaru, kuma shirinta tun wajen sayen tikiti yake farawa.

Da farko dai kar ku yarda ku sayi tikitin jirgin safe. Jirgin ruwa yakan iso tasha da sassafe, amma isowa daban, sauka daban, sai jami'an shige da fice da kwastam sun ba da izini, sannan a fara kiran fasinjoji rukuni rukuni, ga hazo ko iska da kan iya jinkirta shigowa tashar. Sannan ku duba nisan tasha da filin jirgi, daga Southampton zuwa Heathrow a Ingila kusan awa ɗaya da rabi ne a mota in hanya ta yi kyau, daga Civitavecchia zuwa Fiumicino a Italiya wajen awa ɗaya. Ku nemi jirgin da zai tashi bayan tsakar rana, in kuma da hali wallahi ku kwana ɗaya a otel kusa da filin jirgin, ku tashi washegari da ƙarfinku. Kuɗin otel ɗin bai kai na sabon tikiti ba in jirgi ya tafi ya bar ku.

Sai maganar takardu. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare, kuma ku lissafa daga ranar dawowa, ba ranar tafiya ba. Ku duba ƙasar da za ku yada zango a cikinta, Amurka alal misali ko canjin jirgi kawai za ku yi sai da biza ko ESTA, wato izinin tafiya da ake nema ta intanet. A doguwar tafiya jirgin ruwa yakan karɓi fasfo ya ajiye, to ku tambayi ranar da za a mayar muku.

Saura kamar mako guda ku fara haɗa kaya, nan ne ake shan mamaki. Jirgin ruwa bai cika damuwa da nauyi ba, jirgin sama kuwa yawanci kilo 23 ne kowace akwati a ƙaramin aji, jakar hannu kilo 7 ko 8, gwargwadon kamfani. Wata uku ana tsayawa gari gari ana sayen tsaraba ai dole kaya su yi ciki. Ɗan sikelin hannu zai yi muku amfani sosai, in kun ga nauyi ya wuce ku biya ƙarin akwati ta intanet tun kuna jirgin ruwan, yawanci ya fi sauƙi a kan biya a gaban kanta. Kuma ku gauraya kayan, rabin na Baba a akwatin Mama, rabin na Mama a ta Baba, in ɗaya ta makale a hanya kowa yana da abin sawa.

Daren ƙarshe za a ba ku takardun liƙawa masu kala, ku ɗaura a akwatuna ku ajiye a bakin ƙofa, ma'aikata su kwashe, ba za ku sake ganinsu ba sai a tasha. Don haka kafin ku fitar ku ware kayan da za ku sa gobe har da takalmi, ku ware fasfo, tabarau, caja, da magunguna duka. Maganin hawan jini ko na suga kada ya taɓa shiga babbar akwati, a jakar hannu zai zauna cikin kwalinsa tare da takardar likita, da rarar 'yan kwanaki. Fawa bank ma dole jakar hannu, dokar jiragen sama ce. Ruwa ruwa irin su turare da man shafawa da suka wuce mililita 100 su kuma babbar akwati. A wannan daren ku karɓi lissafin abin da kuka kashe a jirgin ku karanta layi layi, gyara ya fi sauƙi kafin ku sauka, kuma ku buɗe ɗan sef ɗin ɗaki ku shafa cikinsa da hannu.

Wani abu da dattawa ke jin nauyin nema shi ne kujera mai taya da ake tura mutum a kai a filin jirgi. Don Allah ku nema, kyauta ne, kuma ba sai wanda ba ya iya tafiya ba, tsakanin ƙofa da ƙofa a manyan filaye tafiya ce mai nisa. Ku sanar da kamfanin jirgin saman aƙalla awa 48 kafin tashi. Yawancin kamfanoni suna buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet awa 24 kafin tashi, ku tabbatar kujerunku na kusa da juna, ɗaya a bakin hanya.

Kujerar bakin hanyar nan tana da dalili. Zama sama da awa 4 ba motsi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma shekaru na ƙara shi. Ku riƙa tashi kuna takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu, a zaune ma ku riƙa juya idon sawu, ku sha ruwa sosai don iskar cikin jirgi busasshiya ce. Safar nan mai matse ƙafa tana taimakawa amma ku tambayi likita tukuna, haka mai allurar insulin ya tambayi yadda zai daidaita lokacinta da bambancin agogo.

In kun sauka akwati ba ta fito ba, kar ku bar wurin sai kun cike takardar rahoto a teburin kaya kun karɓi lamba. In fashewa ta yi, yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta ba da kwana 7 a kai ƙorafi a rubuce.

A gida kuma za ku iya jin ƙasa tana lilo da ku kamar har yanzu kuna kan ruwa, abu ne sananne, yakan tafi cikin kwana ɗaya ko biyu, ku dai riƙa dafa bango a banɗaki da matakala. In ya ɗauki makonni ku ga likita. Amma kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, ko ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi, ko da bayan sati biyu ne da sauka, wannan kam asibiti za ku nufa nan take, ku gaya musu kun yi doguwar tafiya a jirgin sama.