Lissafin Silinda: Karanta Tambaya Kafin Ka Ɗora Alƙalami

Na daɗe ina koyar da lissafi, kuma duk sanda na zauna duba takardun jarrabawa a kan silinda, wato siffa irin ta gwangwani, abu ɗaya nake gani. Yaro ya haddace ƙa'ida tsaf, ya rubuta V = πr²h, ƙa'idar nemo girman cikin silinda, a saman takarda, amma amsarsa ta kauce. Ba ƙa'idar ce ta ci amanarsa ba. Labarin da aka saka lambobin a ciki ne bai tsaya ya karanta ba.

Ita ƙa'idar ba abin tsoro ba ce. Ɗauki silinda kamar da'irori iri ɗaya da aka ɗora wata kan wata har suka yi tsayi. Sai ka nemo girman filin da'irar gindi, wato πr², ka ninka shi da tsayi, h. Harafin r shi ne radiyos, tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'ira da bakinta, r² kuma shi ne r a ninka da kansa. Shi kuwa π, lamba ce da ba ta canzawa, ana ɗaukarsa 3.14 ko 22/7. Dukansu kusan daidai ne kawai. Akimidis, masanin lissafi Bagirke, tun kafin haihuwar Annabi Isa ya nuna cewa 22/7 ya ɗara ainihin π da ɗan kaɗan. Idan ka ga bakwai ko lambar da bakwai ke raba ta daidai a cikin lambobin tambaya, ɗauki 22/7, don mai tambayar shi ya nufa.

Ga inda aka fi zamewa. A ce maka: tankin ruwa faɗin bakinsa mita 1.4, tsayinsa mita 2, lita nawa zai ci? Faɗin baki daga gefe zuwa gefe dayamita ne, ba radiyos ba. Raba shi biyu tukuna: 0.7. Ninka 0.7 da kansa, ka sami 0.49. Ninka da 22/7, ya ba ka 1.54. Ninka da tsayi, 3.08 kubik mita ke nan, wato ma'aunin girman ciki. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, saboda haka tankin zai ɗauki lita 3,080.

Wanda ya manta ya raba fa? Zai sami lita 12,320. Lura, ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, domin radiyos sau biyu yake shiga lissafin. Wannan ne ma ya sa nakan tambayi aji: wanne ya fi ƙara wa gwangwani ciki, ninka tsayinsa ko ninka faɗinsa? Yawanci sukan ce duk ɗaya ne. To ba ɗaya ba ne.

Tarko na biyu ma'auni ne. Bututu mai radiyos santimita 3.5, tsawonsa mita 2. Mai gaggawa sai ya ninka da 2 kai tsaye, ya fito da 77. Mayar da mitar santimita tukuna, 200. Filin bakin bututun 38.5 ne, sau 200 ya zama kubik santimita 7,700, wato lita 7.7, tunda kubik santimita 1,000 ke yin lita ɗaya. Kada kuma kwanciyar bututun ta ruɗe ka. Tsawonsa shi ne h.

Tambayar da na fi so ita ce wadda ake juya ta baya. An ba ka cikin gwangwani, kubik santimita 1,540, tsayinsa santimita 10, an ce nemo dayamita. Bi hanyar da ka zo, amma da baya. Raba 1,540 da 10, saura 154, filin gindi ke nan. Raba 154 da 22/7, wato ka ninka da 7 ka raba da 22, ka sami 49. A nan da yawa ke ajiye alƙalami suna murna, alhali 49 ɗin r² ne. Wace lamba ce za a ninka da kanta ta ba da 49? Bakwai. Radiyos santimita 7, kuma tunda dayamita aka tambaya, amsar ita ce santimita 14.