Yadda ake gane ko sukari ne ya taɓa ƙoda ko wata cuta daban

Ba duk mai ciwon sukarin da ƙodarsa ta taɓu ba ne sukarin ya jawo masa. Idan aka ɗora wa sukari laifi ba bincike, cutar da ake iya magancewa sai ta ci ƙodar har a kai ga wankin ƙoda.

A fara da tambayar shekarun ciwon. Ɓarnar sukari a hankali take tafiya. A nau'i na ɗaya da wuya ta bayyana kafin ciwon ya kai shekara 5. Nau'i na biyu kuwa yakan daɗe a jiki ba a sani ba, shi ya sa ake gwada ƙoda tun ranar da aka gano shi.

Gwaji biyu ne ginshiƙi. Na farko, albumin (furotin ɗin jini da ke zuba cikin fitsari idan ƙoda ta taɓu) a fitsarin safe, a auna shi da kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini): daga 30 mg/g zuwa sama alama ce. Sakamako ɗaya bai isa ba, sai biyu cikin uku sun nuna haka a tsakanin wata 3 zuwa 6. Zazzaɓi, cutar mafitsara, jinin al'ada da aikin ƙarfi duk suna ɗaga shi, don haka a jira su wuce. Na biyu, eGFR daga jini, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda: ƙasa da 60 fiye da wata 3 alama ce.

Sai ido, wanda aka fi mantawa. Sukarin da ya lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda galibi ya riga ya taɓa na bayan ido. In likitan ido ya faɗaɗa ƙwayar ya leƙa bai ga komai ba, alhali fitsari na ta kumfa saboda furotin, a yi shakkar sukari ne, musamman a nau'i na ɗaya.

Waɗannan ba halin sukari ba ne: jini a fitsari, kumburin fuska da ƙafa da ya zo cikin 'yan makonni, eGFR na faɗuwa da sauri, ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Haka in kiriyatinin ya hau fiye da kashi 30 cikin 100 bayan fara maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan, a binciki ƙuncin jijiyar da ke kai wa ƙoda jini.

Hoton ciki ma yana magana. Ƙodar mai sukari girmanta daidai ne, ko ma ta ɗan fi. In duka biyun sun tsuke, a tuna hawan jini ko tsohon kumburin ƙoda. In sun cika da fitsari, toshewa ce: tsakuwa, furosteti (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ko tsargiya.

A tambayi mara lafiya, ba tare da faɗa ba, ko yana shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, ko jiƙo, domin suna iya cutar da ƙoda. A gwada ciwon hanta na B da C, ƙanjamau da sikila. In har yanzu lamarin bai fito fili ba, a tura shi wurin likitan ƙoda, shi zai yanke ko a ciro ɗan tsokar ƙodar da allura a duba.