Yadda ake auna taurin hanta da FibroScan ga mai ciwon hanta nau'in B

Sikanin ciki da aka saba yi yana iya nuna hanta lafiya ƙalau alhali tabo ya riga ya fara cin ta. Shi ya sa ake komawa ga FibroScan, na'urar kamfanin Echosens na Faransa. Ɗan bugu take aikawa ta tsakanin haƙarƙari, ta auna saurinsa a cikin hanta. Tabo yana taurara hanta, kuma iya taurin hanta iya gudun bugun, sakamakon yana fitowa da kPa (kilopascal), ma'aunin taurin. Aikin minti goma ne, amma sabon hannu yakan fitar da lambar da za ta tayar wa mara lafiya hankali a banza.

Tun ranar da aka ba mara lafiya lokaci a gaya masa kada ya ci komai awa 3 kafin awo. Abinci yana ƙara jinin da ke shiga hanta, lamba ta hau. Tambayar "ka ci abinci?" ba ta isa ba, domin zai ce a'a alhali ya sha koko ko shayi da madara a hanya. A lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya. Awon safe ya fi.

A duba ALT, wato sinadarin hanta da ake aunawa a jini, kafin ya kwanta. In ya wuce ninki 5 na iyakar lafiya, hantar a kumbure take, kumburin za ka auna a matsayin tabo. A ɗage sai ya sauka, a kuma tambayi ko yana shan wani jiƙo na shawara. Toshewar hanyar matsarmama, ciwon zuciya mai kumbura ƙafa da shan giya duk suna ɗaga lamba. Wanda ruwa ya taru masa a ciki kuwa kada a ɓata lokaci, bugun ba ya ratsa ruwa.

Wurin aza kan na'urar shi ne inda aka fi yin kuskure. Ya kwanta rigingine, ya kai hannun dama bayan kansa don haƙarƙarin su buɗe. Daga ƙarshen ƙashin ƙirji ka ja layi zuwa gefen dama, har ka iso daidai tsakiyar hammata, wato tsakanin haƙarƙari na 9 zuwa na 11. Ka laluba ramin da yatsa tukuna, ka shafa jel, sannan ka tsayar da kan na'urar cak a kan fata ba tare da karkacewa ba. In ka hau ƙashi, lamba za ta yi sama. In ka yi sama da yawa, huhu za ka tarar, hoton ya riƙa ɓacewa da kowane numfashi. In ka sauka ƙasa kusa da bakin hanta, nan ma taurin ƙarya za ka samu. Nemi wurin da hanta ta yi kauri, babu babbar jijiyar jini a gabanka, ka danna har alamar matsi ta zama kore. Bayan kowane bugu ka kalli zanen da ya fito. Layi ɗaya miƙaƙƙe ake so. Wanda ya rabe biyu ko ya lanƙwashe ba abin dogaro ba ne, ko da na'urar ta karɓe shi. Ka dafa gwiwar hannunka a gefen gado, kada ka motsa tsakanin bugu da bugu. Mai ƙiba wanda tazarar fatarsa zuwa hanta ta wuce milimita 25, a ajiye kan na'urar da aka saba amfani da shi, wato M, a ɗauko XL na masu ƙiba.

Ana buƙatar bugu 10 masu kyau, lambar tsakiyarsu ita ce sakamako. Kafin ka rubuta, duba IQR/Med, wato ma'aunin yadda lambobin suka bambanta da juna, kada ya wuce kashi 30 cikin 100. In ya wuce, sake wuri ka fara daga farko. Goge manyan lambobi don takarda ta yi kyau cutar mara lafiya ne.

Hanta mai lafiya takan tsaya wajen 5 kPa. A jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, sama da 7 tabo ne mai yawa wanda ya isa a fara magani, tenofovir ko entecavir. Sama da 12.5 kuwa hanta ta ƙanƙance. Inda babu na'urar, ko kuɗinta ya gagara, lissafin APRI, wanda ake yi daga gwajin jini, yana rage hanya da arha: sinadarin hanta na AST da adadin ƙwayoyin daskarar jini kawai ake lissafawa, sama da 0.5 a ɗauke shi da muhimmanci, sama da 1 a yi zaton ƙanƙancewa.

FibroScan tauri yake aunawa, ba ya nuna ƙarfin aikin hanta, don haka a haɗa da gwaje-gwajen jini na albumin, bilirubin da INR (saurin daskarar jini). Ba ya kuma ganin ƙari, wato tsiron daji. Wanda lambarsa ta wuce 12.5 sai an yi masa sikanin ciki duk wata 6 saboda dajin hanta, ko da yana shan magani kuma yana jin garau.